Sanarwa: Zaman tarihi na ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da ƙoƙari.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗa yaranmu masu karatu a gida, a inda muka saba. Wannan karon labarin fataken goro ne, daga Kano zuwa Gwanja.

Za mu bi ayarin tun daga kasuwar Kurmi, jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini, madugu na gaba. Su haye kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, zango bayan zango har garin Salaga na ƙasar Gwanja, a Gana ta yau, watanni a hanya. Yaron da ya bi su da yatsa a kan taswira ba ya manta inda kogin yake, kuma da kansa zai tambaya me ya sa goro ba ya yi a ƙasarmu. Daga nan sai bayanin damina da kurmi, ba tare da hadda ba.

Don Allah kowane yaro ya zo da fensir, takarda da goro ɗaya. Mai taswirar Afirka ta Yamma ya taimaka mana. Wanda kakansa ya san fatauci, a roƙe shi ya zo, bakinsa ya fi namu. A sanar da adadin yara a nan kafin Alhamis.

Allah Ya yi wa zuri'a albarka. Na gode.