Zuwa ga Sarkin Rowa, daga Jidda

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Na san ka yi fushi, saƙon muryarka na bayan sallah yana nan na saurara har sau uku ban amsa ba, kullum sai in ce gobe. To yau dai ga ni, kuma akwai abin da nake so ka yi min, amma bari in fara sauke abin da ke cina tukun.

Dogo ya tafi. Daren Laraba muka raka shi filin jirgi, kuruj niha'i, ba dawowa. Shekara 27 fa yana jan motar kamfanin nan, tun kafin in zo ƙasar yake bakin sitiyari, shi ya karɓe ni a unguwar Karantina ya ba ni katifa lokacin ko hanyar Balad ban sani ba. Ido ya fara ba shi matsala ga suga, sai kawai suka ce ba za su sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Ba faɗa ba zagi, har ɗan biki aka yi masa a sito da kabsa da lemo, mudir, wato manaja, ya rungume shi aka ɗau hoto, shi ke nan.

Kuɗin sallamarsa ni na zauna na lissafa masa a bayan kwali saboda kar a cuce shi, kuma gaskiya ba su cuce shi ba, abin da doka ta ce suka ba shi. Ka san tsarin nan, shekara biyar na farko rabin albashin wata a kowace shekara, daga nan kuma albashin wata guda cur a kowace shekara, a kan albashinka na ƙarshe. Shi riyal 2,000 yake ɗauka. Biyar ɗin farko 5,000, sauran shekara 22 ɗin 44,000, duka 49,000. Na san yanzu ka zaro ido kana bugawa a waya, to bari in hutar da kai, in ka sa riyal a naira 400 miliyan 19 ne da dubu 600. A majalisarku ta ƙofar gida za a ce Dogo ya dawo da arziki, 'yan uwa su yi layi. Amma mutum ne mai mata da yara shida, biyu na jami'a, gidansa bai wuce linta ba, in ma ya ƙyale ginin ya ce zai riƙa cin dubu 300 a wata, shekara biyar da rabi kuɗin sun ƙare tas. Kuma ranar da iƙama ta mutu ta'amin, wato inshorar asibiti, ma ya mutu, allurar sugar nan da yake karɓa da kati yanzu daga aljihunsa.

Wallahi tun daren nan barci sai a hankali. Ni ma fa 56 nake, kar ka ce komai, na san a takarda 52 ne, kai ka raka ni wajen mai rantsuwar.

Mu baƙi a nan ba mu da fansho sam. Ta'aminat ɗin da ake ta faɗa, hukumar inshorar ma'aikata, fanshonta na 'yan ƙasa ne, mu kashi 2 kawai kamfani ke biya mana na haɗarin aiki, wato sai ka faɗo daga tsani ko injin ya cinye maka yatsa za ka ga amfaninsa. Tsufa ba ya ciki. Kuma ba a tsufa a ƙasar nan in ba ka da kafili, wato uban gidan da kake zaune a ƙarƙashinsa, aiki ya ƙare zama ya ƙare. Akwai wata iƙama ta musamman da suka fito da ita a 2019, ta dindindin riyal 800,000, in ka ga dama ka turo min in saya tunda kai ne mai kuɗin da ba ya ciwon kai.

Su kansu 'yan ƙasar ba duka ke hutawa ba. Kwanaki na hau tasin Careem, dattijo ne da furfura, ya ce min shi mutaƙa'id ne, wato ya yi ritaya, fanshon na shigowa amma haya da yara sun fi ƙarfinsa, tun da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a 2020 komai ya canza. A 2024 ma an yi sabuwar doka, matasan da ke shiga aiki yanzu ritayarsu ta doshi shekara 65. Na ce a raina wanda ke da rijiya ma yana kukan ƙishi ina ga mai guga.

Af, ka ji Ɗan Auta ya ƙara aure? Ta uku! Mutumin da har yau yana riƙe min riyal 300 tun Ramadan ɗin korona. 'Yar Sharar Mansur ce, an ce ta girme shi, an yi walima a Makka ban samu zuwa ba amma wanda ya je ya ce naman bai kai layi na biyu ba. In kun yi waya kar ka ce ni na faɗa maka.

Ina muke? Yawwa. Ka tuna kana min faɗa da na mayar da Maman Yara gida a 2019, ka ce na raba iyali saboda son kuɗi? Kuɗin murafiƙin, wanda ake biya kan iyalin da ke zaune tare da kai, shi ya kore su. A 2017 aka fara da riyal 100 kan kowane mutum a wata, ya koma 200, ya koma 300, daga tsakiyar 2020 ya tsaya a 400. Mutum huɗu gare ni, da 1,600 kenan zan riƙa biya duk wata kafin a ci a sha, 19,200 a shekara. Da sun zauna da ko bulo ɗaya ban aza ba. Sai kuma rusau ɗin 2022 ya zo ya share unguwanni su Sabil da Gulel da Karantinarmu, haya ta haukace, ɗakin da nake ciki yanzu mu uku ne da mukayyif (AC) ɗaya mai tari kamar tsohon ɗan tasha.

Ɗaya daga cikinsu ɗan Mai Wurno ta Sudan ne, Hausarsa irin ta kakanninmu, in ya ce "ina kwana" sai ka ji kamar a Sakkwato. Yayansa malamin makaranta ne ya yi ritaya a Wad Madani, fanshonsa da jinai, kuɗin Sudan, ake biya, tun kafin yaƙin Afrilun 2023 kuɗin sun zama takarda, da aka shiga Madani a Disamba kuwa da kayan jikinsa ya gudu Gadarif. Yanzu ƙanen nan da ke wankin mota a nan shi ne fanshonsa. Duk wata in ya dawo daga hawala, wajen tura kuɗi gida, sai ya kwanta ya juya wa bango fuska, ba ma yi masa magana.

Shi ya sa nake so in ji naka lissafin tsakani da Allah, ba irin amsar "Alhamdulillahi" da kake min ba. Saura shekara biyu ka cika 35 ɗin a aikin gwamnati ko? Kashi 8 da ake yanka maka da 10 da gwamnati ke ƙarawa, nawa suka taru? Don abin da ke ba ni tsoro a naku, kun zuba lokacin dala ba ta kai 200 ba, za ku karɓa bayan ta haura 1,500, buhun da ka ajiye ya koma tiya. Da ina maka dariya ina cewa ni riyal ɗina a ɗaure yake da dala, 3.75 ba ya motsi, ashe riyal ɗin da ba ya shigowa duk wata shi ma ƙarewa yake. Kai aƙalla ko ba yawa za a riƙa jin ƙarar alat har ka mutu, in an gama wahalar da kai da tantancewa.

Ina ta tunanin injin markaɗe da na niƙa, ko Keke Napep biyu in ba yara, amma duk wanda na sani da ya ba da Napep daga nan labarin gyara kawai yake ji. Gona kuma ka san halin da hanyar garinmu take ciki. Maman Yara ta ce shagon kayan masarufi a jikin gida, inaga ita ta fi mu hankali, adashinta ne ma ya yi rufin ɗaki biyun can.

Mai Shayi zai taho Umra wata mai kamawa, don Allah ka ba shi yaji da kuka da daddawa, kilishi kuma na wajen mutumin nan ba na bakin titi ba, kuma kar ka ce babu canji. Zan ba shi turare da dabino ajwa na Hajiya. Dogo zai kira ka in ya huta, ka je ka gan shi amma kar ka nuna ka san adadin.

Na ce akwai abin da za ka yi min, wallahi ya fita kaina, ga ladan ya kira isha. In na tuna zan turo murya.

Ka gaida kowa da kowa, banda Ɗan Auta.

Naka,
Na Karantina