Game da Shukar Furen Tulif

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu sha'awar lambu kan furen tulif. Saiwarsa kamar albasa take, kuma da kaka ake binne ta, zurfin kimanin santimita 15, tsininta yana kallon sama, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, domin laima tana ruɓar da ita. Ba ta fure sai ta sha sanyi na akalla mako 12, shi ya sa mazauna wurare masu zafi suke fara ajiye ta a firji. Abin da nake ganin an fi sakaci da shi shi ne ganyen: bayan fure ya kaɗe, kada a yanke shi sai ya bushe da kansa, domin shi ke tara wa saiwar abincin baɗi.

Naku,
Wani mai karatu