A Faɗa wa Yara Ainihin Rayuwar Kaboyi

Assalamu alaikum Edita,

Yaranmu a Kaduna sun san kaboyin Amurka da doki da bindiga kawai. Alhali makiyayi ne ɗan ƙwadago. Bayan 1865, mutum goma sha biyu kan koro shanu wajen 3,000 daga Teksas zuwa tashar jirgin ƙasa a Kansas, suna cin mil 10 zuwa 15 a rana. In aka matsa wa garke, sai ya rame, kuɗinsa ya faɗi a kasuwa. Babban tsoronsu ƙetare kogi ne da firgitar shanu cikin dare. Da yawansu ma baƙaƙen fata ne da 'yan Mekziko.

Masu rubuta littattafan yara, don Allah a fara daga nan. Ɗan makiyayi a Kachia zai gane labarin nan take.

Wani malamin tarihi,
Kaduna