"Forza" ba daga Ingilishi ta fito ba

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in yi tsokaci kan abin da na karanta a shafin wasanni. Marubucinku ya fassara kirarin magoya bayan Napoli, wato "Forza Napoli", da cewa "Ƙarfin Napoli", har ya ƙara da cewa Italiyawa sun aro kalmar daga Ingilishi. Duka biyun akwai gyara.

Batun aro dai, Ingilishi ne ya ci bashin. Kalmar "force" ta shiga bakin mutanen Ingila daga Faransanci, bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da na shari'a. Asalinta kuwa Latin ne, harshen tsohuwar daular Rum, wanda ya haifi Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal da na Romaniya. A Latin, "fortis" shi ne mutum mai ƙarfi, amma an fi faɗarsa ga jarumi, wanda ba ya ja da baya. Ɗaya daga cikin sigogin jam'insa ita ce "fortia". Da tafiya ta yi tafiya, talakawa suka ji wasalin "a" a ƙarshenta suka ɗauka suna ne tilo na mace, haka kuma ta zauna. Daga nan aka sami "forza" a Italiya, "force" a Faransa, "força" a Fotugal da Birazil, sai "fuerza" a Sifaniya. Su Sifaniyawa haka bakinsu yake karya wasalin "o" idan nauyin kalma ya faɗa kansa, shi ya sa ƙofa, wadda Rumawa ke ce wa "porta", ta koma "puerta".

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Rumawa masu rubutu suna da tasu kalmar ta ƙarfi, wato "vis", kuma ita ce ta cika littattafansu. Amma gajeruwa ce, ga wuyar sarrafawa a nahawu, sai 'ya'yan Latin suka yi watsi da ita suka riƙe ta kasuwa. Mutanen Romaniya ma sun gaji "foarte" daga wannan tushe, sai dai su da ita suke cewa "ƙwarai".

To, mu dawo filin ƙwallo. Idan ɗan Italiya ya ɗaga murya ya ce "Forza!", zuga ce yake yi, kamar mu ce "Ku dage!" ko "A ci gaba da gashi!" Wannan ihun ne Silvio Berlusconi, mai kulob ɗin AC Milan a lokacin, ya ɗauko daga bakin 'yan kallo ya raɗa wa jam'iyyarsa Forza Italia, ya kuma ci zaɓe da ita a 1994. Ya san abin da yake yi.

Ga wani misalin da ya fi nuna illar fassarar kalma da kalma. A watan Nuwamban 2016 jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Chapecoense na Birazil ya faɗi a Kolombiya, mutum 71 suka rasu. Ko'ina aka riƙa ɗaga kyallaye ɗauke da "Força Chape". Wannan ai ta'aziyya ce, irin tamu ta "Allah ya ba da haƙuri da juriya". Wanda ya rubuta "Ƙarfin Chape" a ranar, ya yi wa masu makoki ɓaranɓarama.

Ba na musun cewa kalmar tana da fuskar tilastawa. Mu nan Nijar kakanninmu sun ɗanɗana "travail forcé", aikin tilas na zamanin Faransawa, wanda sai a 1946 aka soke shi da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wakilin Kodebuwa a majalisar Faransa a lokacin. Sojojinmu ma "Forces" ake kiran su a takarda. Don haka mai fassara sai ya duba wa ke magana, a kuma wane wuri.

Ina roƙon a buga gyara a fitowa ta gaba, domin yaranmu masu bin gasar Italiya tun zamanin da Osimhen ya ci kofi da Napoli a 2023 suna haddace duk abin da kuka rubuta.

Na gode. A huta lafiya.

Mai karatunku,
wani tsohon malamin Faransanci daga Maraɗi