Babana, ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yi fushi

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan ka isa lafiya, kuma ka samu Baffanka da iyalinsa lafiya. Jiya sau uku ina kiranka baka ɗaga ba, ban yi fushi ba don nasan dalili, shi yasa nace bari in zauna in rubuto, ko ba komai a rubuce bazamu dinga katse juna ba kamar yadda muka saba in mun zauna ni da kai. Idona baya son ƙananan haruffan nan na waya, in kaga kuskure ka wuce shi kawai.

Wata magana ce ta zo kunnena. Kada ka tsaya binciken wa ya faɗa min, kuma kada kaje ka tsare ƙanwarka, ba ita bace. Ance kace kai da karatu har abada, wai tunda ba'a baka likitanci ba shikenan bazaka sake cike fom ɗin kowace makaranta ba, wai akwai wasu abokai da suka saka ka a wani guruf kuna harkar kirifto, wato kuɗin intanet, da saye da sayar da kuɗin ƙasashe a waya, har ka sayar da kwamfutar da Yayarka ta baka ka zuba kuɗin a ciki. Wallahi tun daren da naji ban yi baccin kirki ba. Ummanka bata sani ba tukuna, kasan hawan jininta, ni kaɗai nake ta juya abin a raina.

Nasan abin da na faɗa ranar da sakamako ya fito, kuma nasan a gaban wa na faɗa. Bai kamata ba. Amma kai ma ka sani ba don in yi alfahari a cikin mutane nake son ka zama likita ba, kana da shekara tara lokacin da muka kwana a barandar asibitin nan da Inna, kai ka riƙe min fitilar waya, kaga abin da na gani. Tun daga ranar na saka a raina sai gidan nan ya fitar da likita, sai na ɗora maka kayan ba tare da na tambaye ka ko wuyanka zai ɗauka ba. Wannan laifina ne, na yarda. Sai dai laifina bai zama lasisin da zaka jefar da rayuwarka ba.

Kai a tunaninka ƙofa ɗaya ce ta rufe sai gidan gaba ɗaya ya rushe, alhali ko a cikin asibitin ma likita mutum ɗaya ne a cikin mutane da yawa. Akwai nas, akwai masu haɗa magani, akwai masu gwajin jini a lab waɗanda in basu kawo sakamako ba likitan ma lalube yake, akwai masu ɗaukar hoton ƙashi da masu gashin ƙashi. Yawancin waɗannan basa kai shekara 6 da likitanci yake ci a ƙasashe da yawa, wasu ma da difiloma ake farawa mutum yana aiki yana ƙaro karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya tayi hasashen zuwa 2030 duniya zata rasa ma'aikatan lafiya miliyan 10 ko fiye, kaga wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan ba zai rasa inda ake nemansa ba. In kuma har yanzu likitancin ne a ranka, kai da kanka ba don ni ba, to maki kaɗan ka rasa, ka zauna ka gyara kemistiri ɗin da ya kayar da kai ka sake rubutawa baɗi, mutane nawa ne sai a karo na biyu ko na uku suka shiga kuma yau ba wanda yake tambayarsu.

In ma jami'ar ce gaba ɗaya ta fita a ranka, ni ne mutum na ƙarshe da zai raina sana'ar hannu. Da filaya da tasta, a aikin wutar lantarki, na ciyar da ku. Shekara huɗu nayi a ƙarƙashin maigidana ina ɗaukar tsani ina fasa bango kafin ya yarda in taɓa allon fis ni kaɗai, daga baya nayi karatun dare na samu takardata, kuma takardar nan ita ta bambanta ni da abokan da muka koya tare, don ranar da aka zo neman wanda zai sa hannu a kan aikin babban gini su basu da abin nunawa. Shi yasa kullum nake cewa hannu da takarda a haɗa su. A Jamus haka tsarinsu yake, yaro ya gama makaranta sai kamfani ya ɗauke shi koyon aiki shekara 2 zuwa 3 da rabi, kwana uku ko huɗu a wurin aiki sauran a aji, ana biyansa tun yana koyo, kuma sana'o'in da ake koyarwa haka sun haura 300. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na yara wannan hanyar suke bi, kuma ba wanda zai ce maka talakawan ƙasashe ne. Yanzu ga aikin sola, ga gyaran na'urar sanyi, ga walda, ga aikin famfo, duk inda ake gini ana nemansu kuma ba'a iya yinsu daga nesa ta waya, dole sai mutum yazo da hannunsa.

Ka tuna mutumin nan da nake baka labari kana ƙarami in muna gyaran janareta, Michael Faraday? Ɗan maƙeri ne a Ingila, yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littafi, shekara bakwai yayi a shagon yana ɗinkawa yana karanta abin da yake ɗinkawa, a 1813 ya samu aikin yaron ɗakin gwaje-gwaje, a 1831 ya gano cewa in ka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya wutar lantarki tana samuwa. Duk janareta da taransifoma da ka taɓa gani a kan wannan suke aiki. Bai shiga jami'a ba, amma ka lura da shekarun, 18 ne tsakanin shigarsa ɗakin gwajin da ranar da ya gano abin. Wannan lissafin nake so ka riƙe.

Don abin da yake hana ni bacci ba kuɗin kwamfutar bane Babana, kuɗi ana samu ana rasawa, ni na rasa wanda ya fi wannan kuma ka san lokacin. Tsorona idonka ne. Ina tsoron idonka ya saba da ganin lamba tana hawa a fuskar waya ba tare da ka yi gumi ba, don idon da ya saba da haka baya iya komawa aji ya zauna shekara huɗu, baya iya tsayawa a gaban maigida ana masa faɗa a kan waya ɗaya da ya haɗa ba daidai ba, komai sai ya zama masa jinkiri, komai sai ya zama wahalar banza. Yau kaci riba kaɗan kaji kamar ka fi malamanka wayo, gobe ka faɗi kace bari in ƙara in mayar, jibi ka ranta, daga nan sai ƙarya ta shigo don dole ka ɓoye, kana nan kwance da waya a hannu dare ya zama rana, abokan karatunka suna aji biyu, suna aji uku, suna gamawa, kai kuma kullum saura kaɗan. Wata rana ka farka kana da shekara 27 babu takarda babu sana'a, kuma kunyar komawa ka zauna da yara 'yan 18 ta hana ka motsi. Na gani da idona a cikin gidanmu. Kasan wa nake nufi, kasan ɗakin da yake kwana har yau, kuma wallahi ya fi ka ƙwaƙwalwa lokacin da yake shekarunka. Shi ba waya ce ta cinye shi ba, lokacin babu ita, amma ciwon iri ɗaya ne. Duk sanda na tuna shi na tuna ka sai inji ƙirjina ya riƙe.

Kada kace tsoho ne bai san abin ba. Kwana uku nayi ina karantawa, wanda ban gane ba na sa Yayarka ta fassara min. A 2018 hukumar da take sa ido a kan kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta fitar da cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan cinikin na hasashen farashi asara suke yi, shi yasa ma aka tilasta wa kamfanonin su rubuta gargaɗin a tallarsu. Bitcoin, kuɗin kirifton da kuke magana, daga Nuwamban 2021 zuwa Nuwamban 2022 ya zubar da fiye da kashi 70 cikin 100 na darajarsa, a Nuwamban 2022 ɗin ne kuma babbar kasuwar kirifton nan FTX ta rushe da kuɗin mutane, mai ita kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 25. Wannan fa masu ofis ne da suna. To balle wani da baka taɓa ganin fuskarsa ba a guruf yana ce maka kawo kaza a ninka maka, ka kawo abokai biyu a ƙara maka. Wannan dabarar ta girmi kakanka, a 1920 wani Charles Ponzi a Boston yayi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 a kwana 45, kuɗin na baya yake ɗauka yana biyan na gaba, na farko suka ci suka tafi suna yi masa talla kyauta, ranar da sabbin shiga suka ragu komai ya zube. In an biya ka sau ɗaya ko biyu kada ka ɗauka ka iya, tsaba ce aka watsa maka. Banza bata kai zomo kasuwa.

Kuma ance kana kafa hujja da Bill Gates da mai Facebook, wai su ma barin makaranta suka yi. Haba Babana! Wace makarantar suka bari? Jami'ar Harvard suka bari, sai da suka samu shiga tukuna. Gates tun yana shekara 13 yake rubuta manhaja, lokacin da ya fita a 1975 yana da abin da ya iya da wanda zai saya, ga uba lauya a bayansa in ya faɗi akwai inda zai faɗa. Kai me ka iya da zaka fita da shi? Kai da ka ɗauki abu ɗaya tilo da zaka koyi irin aikin nasu da shi ka sayar? Kasan wata nawa Yayarka tayi tana tara kuɗin kwamfutar nan, kasan abin da ta hana kanta? Ko sau ɗaya ka tsaya ka tuna ta kafin ka miƙa wa mai saye? Darasin farko na ilimin kwamfuta da ake koyarwa a Harvard ɗin nan yana intanet kyauta, kowa zai iya bi, kana da kayan aiki a hannu kana da lokaci, sai ka zaɓi caca. Eh caca nace, kira shi duk sunan da kake so. Ban haife ka don ka zauna kana jiran kuɗin wasu ya faɗo aljihunka ba, kuma in ka sake karɓar ko sisi a hannun ƙannenka ko Ummanka da sunan wannan harka, ni da kai ne.

Na tashi nayi alwala na dawo, don naji zuciyata ta fara tafasa kuma ba don in ƙara kore ka nake rubutun nan ba. Kai yaro ne mai hannu, tun kana firamare kake kwance rediyo ka mayar, ranar da ka gano inda wutar gidan maƙwabta take yoyo ni ban gano ba, ban faɗa maka ba amma na kwana ina jin daɗi. Ban iya yabo ba, haka aka tashe mu, ƙila da na iya da baka je neman wanda zai ce maka kai gwani ne a wani guruf ba.

Ga abin da nake so. Ka faɗa min gaskiyar nawa ka zuba da nawa ya rage, kuma ko akwai bashin wani a kanka, na maka alƙawari bazan ɗaga murya ba kuma maganar bazata wuce ni da kai ba. Abin da ya rage ka cire shi yau in zai ciru. Sannan ka ɗauki sati biyu a wurin Baffanka ka yi tunani, ka samu mutanen da suke yin aikin da yake burge ka ka tambaye su yadda ranarsu take tun safe har dare, da shekara nawa suka yi kafin su fara cin moriyarsa, da wace takarda aka nema a wurinsu. Ka zo min da abu ɗaya, ko kwas ne a jami'a, ko difiloma, ko koyon sana'a a hannun wanda ya iya kuma ake ba da shaida a ƙarshe. Ko ba likitanci bane zan tsaya maka, na cire bakina daga wannan. Maganar kwamfuta kuma akwai aikin da nake sa ran gamawa ƙarshen wata, zamu san yadda zamu yi, amma Yayarka kai zaka kira ta da bakinka ka bata haƙuri, wannan bazan yi maka ba.

Ummanka tana ta tambaya me yasa baka kira ba, nace mata caji ne yake baka matsala. Ka kira ta yau kada ka maida ni maƙaryaci. Ni kuma zan sake kira ranar Juma'a da daddare, ka ɗaga, ko baka da abin cewa ka ɗaga inji muryarka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Babanka