A zauna a yi maganar jinga tun ruwa bai dawo ba

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya haƙuri da mu masu aiko da dogon rubutu. Ni mazaunin Kuseri ne a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, garin da ke kallon Njamena ido da ido, gadar Ngeli ce kawai ta raba mu. Ɗinki nake yi, kuma ni ke riƙe da littafin kwamitin jinga na unguwarmu. Dan Allah ka bani fili in faɗi maganar da ta daɗe tana cina a rai, don nasan mutanen Yagwa da Garwa da Maiduguri da duk wanda ke kwana kusa da ruwa zasu gane abinda nake nufi.

A bakin garinmu ne kogin Logon da kogin Shari suke haɗuwa kafin su wuce tafkin Chadi. Ruwan da ke cin gidajenmu yawanci ba wanda aka zuba a kanmu bane, ruwan da aka yi can tsaunukan Adamawa da Afirka ta Tsakiya ne, ya biyo Logon ta Mundu da Layi da Bongor da Yagwa da Logon Birni, Shari kuma ya biyo ta Sar. Shi yasa zaka ga damina ta ɗauke a nan, sama tayi tas ba ko gajimare, amma kogi yana ta hawa cikin Oktoba har a shiga Nuwamba. Wato ruwan nan yana yin sallama tun daga nesa, mutanen Bongor sun ganshi da idonsu kwanaki da yawa kafin mu, kuma babu gidan da bashi da ɗan'uwa ko abokin ciniki a can. Amma duk shekarar da ya zo sai mu yi kamar ɓarawo ne ya hauro cikin dare.

A 2022, shekarar da gwamnatin Chadi ta sa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya a watan Oktoba, lokacin da unguwar Waliya ta Njamena ta koma sai da kwale-kwale, mu ma a tsallaken nan mun yi kwanaki muna cika buhuna da ƙasa muna ɗaga jinga. Wallahi mutane sunyi aiki, ban taɓa ganin matasa sun bada jikinsu irin haka ba, masu kilando, wato babur na haya, sun bar neman kuɗi suna jigilar buhuna kyauta, mata suna dafa shayi da shinkafa har asuba. Duk da haka jingar ta ɓalle mana wajen ƙarfe 2 na dare. Kuma inda ta ɓalle ɗin, wata baiwar Allah da gidanta ke jikin wurin ta ga ruwa yana tsattsafowa ta ƙasan buhuna tun la'asar, ta faɗawa ɗanta, ɗan ya rubuta a gurup ɗinmu na WhatsApp da Faransanci, saƙon ya nutse cikin ɗaruruwan hotuna da addu'o'i da ake ta turowa, ni kaina da nake cikin masu kula da gurup ɗin ban ganshi ba sai bayan kwana biyu muna zaune a farfajiyar makaranta da iyalina da keken ɗinkina da na samu na tsira dashi. Har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Da mutum goma da buhu talatin sun je wurin kafin magariba, Allah ne masani, amma ina zaton da ba haka labarin ya kasance ba.

To Malam Edita, abinda ya sa na ɗauki alƙalami ba wannan daren bane, abinda ya biyo baya ne. Ruwa ya janye, kowa ya koma gyaran katangarsa, aka shiga sanyi, aka shiga azumi, ba wanda ya ce ku zo mu zauna mu ga me ya faru. Na taɓa maganar a majalisa sai wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai yace min, ɗana bar tonon silili, abinda ya wuce ya wuce, ƙaddara ce. Nayi shiru don girmansa. Yanzu nasan shirun nan kuskure ne kuma ina cikin masu laifinsa. Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani da ita, amma ai Manzon Allah (SAW) ya gaya mana ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya.

Sai ga 2024. A watan Satumba muka ji gada ta karye a Yagwa, muka ji madatsar Alau ta fashe ruwa ya shiga Maiduguri, kowa yasan namu yana tafe. Kogi a Njamena ya haura mita 8 kamar yadda yayi a 2022. Kuma kusan duk abinda muka yi na kuskure a wancan karon sai da muka maimaita shi. Mutum uku suna karɓar karo-karon sefa 1000 daga kowane gida ba takarda ba komai, wani gidan an karɓa sau biyu wani ba a je ba sam, kafin mako ya zagayo an fara cewa an ci kuɗi, mutane suka janye hannu a daidai lokacin da ake neman buhu. Unguwar da ke maƙwabtaka damu suka ɗaga tasu jingar cikin dare basu faɗa mana ba, ruwa ya juyo wajenmu, matasanmu suka ɗauki shebur zasu je su fasa tasu, da ƙyar limamanmu biyu suka tare su. Wanda yasan abinda ya faru a 2021, rikicin masunta da makiyaya da ya taso daga yankin Logon Birni kan ruwa har ya iso cikin Kuseri a watan Disamba, dubban mutane suka tsallaka Chadi gudun hijira, yasan ba ƙaramin abu Allah ya kare mu dashi ba a wannan daren.

Wannan karon ban yi shiru ba. Da ruwa ya sauka na je wajen bulamanmu, wato mai unguwarmu, nace ranka ya daɗe, ko mutum goma ne a tara min. Ya yarda, Allah ya saka masa da alheri. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa bayan la'asar, muka sa sharaɗi ɗaya tun farko, ba za a kira sunan kowa da laifi ba, kowa ya faɗi abinda ya gani da lokacin da ya gani da wanda ya faɗawa. Na zata awa ɗaya zamu yi, sai da muka yi zama uku.

Abinda ya fito ya bani mamaki, don mu da muke kwamiti muna ganin mun san komai. Ashe rabin matan unguwa basu taɓa jin sanarwa ko ɗaya ba. Ana rubutawa da Faransanci, alhali a layinmu kaɗai akwai mai jin Larabcin Shuwa kawai, akwai Kotoko, akwai Musgum, akwai Barebari, akwai Fulani, ga mu Hausawa, kuma da yawa wayar ma a hannun maigida take shi kuwa yana can bakin jinga. Matan nan su ne a gida, su ke ganin inda ƙasa ta fara jiƙa, su suka san gidan da ke da tsohuwar da bata iya tafiya da mai tsohon ciki, amma ba wanda ya taɓa tambayarsu. Zama na biyu sai da muka sa aka shimfiɗa musu tasu tabarmar cikin gidan bulama, uwargidansa tana kawo mana maganarsu. A nan wata inna ta gaya mana cewa wurin da ya ɓalle a 2022 tsohon rami ne da aka taɓa haƙar ƙasar bulo aka cike shi da shara, duk tsofaffin unguwa sun sani. Mu kuwa shekara biyu muna jibga buhuna a kan shara.

Masunta ma sun yi magana. Ɗaya yace shi yana da sanda da ya kafa a bakin ruwa yana duba ta safe da yamma, kuma ƙaninsa na Bongor yana buga masa waya kullum, amma wa zai faɗawa, in yazo majalisa ba a bashi wurin zama. Wannan maganar ta taɓa ni sosai.

Game da kuɗi kuwa, da aka baje lissafi a fili, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, sai aka ga ba wanda ya ci ko sisi. Ɗaya daga cikin masu karɓar ma daga aljihunsa ya cika kuɗin man injin jan ruwa. Wata biyu bawan Allahn nan yana yawo ana nuna shi da baki, saboda kawai ba a rubuta ba. Ya yi kuka a wurin, mu ma muka nemi gafararsa.

Abinda muka tsayar ba wani abu mai tsada bane. Gurup na gaggawa daban, mutum biyar kawai ke iya sa saƙo, kuma na murya, da Larabci da Hausa da Faransanci. Duk wanda yaga ruwa yana ɓulɓulowa ba rubutu zai yi ba, kira zai yi, in ba a ɗauka ba ya ruga masallaci a faɗa a lasifika. An raba jinga gida-gida kowane yanki da mai shi da mataimakinsa, mai karɓar kuɗi ɗaya ne da rasit, ana karanta lissafi duk Juma'a. Masuncin nan yanzu ɗan kwamiti ne. Mun kuma taka da ƙafarmu mun je wajen bulaman maƙwabta, aka yi alkawari ba wanda zai ƙara buhu ko ɗaya a kan iyaka sai an kira ɗaya ɓangaren. Ba zan ce komai ya gyaru ba, har yanzu akwai masu ganin zaman ɓata lokaci ne, kuma jingar buhu ba zata taɓa zama madadin aikin da hukuma ya kamata tayi ba, wannan maganar tana nan muna binta.

Roƙona ga sarakunanmu da bulamai da limamai da magadan gari, har da ƙungiyoyin agaji da ke zuwa da bargo da shinkafa muna godiya, ku sa wannan zaman ya zama al'ada duk shekarar da ruwa ya janye, tun mutane basu manta ba, kuma a rubuta, don matasan da suka yi aikin bana baɗi wasu suna Duwala wasu suna Kano. Kai kuma Malam Edita, in da hali ka buɗe mana ɗan shafi mutanen bakin kogi su riƙa aiko da abinda suka koya, na Garwa da suka sha ruwan madatsar Lagdo a 2012 suna da abin faɗa mana, na Maga da Yagwa ma haka.

Littafin namu yana nan a shagona cikin leda saman kabad. Duk kwamitin unguwar da ke son ya gani ya kwafa, ya tambayi telan da ke riƙe da littafin jinga, ina shago daga safe har la'asar banda Juma'a.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu,
daga Kuseri, Kamaru