Zuwa ga ɗana, kan batun kwari da baka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, na ji kana son shiga gasar harbin kibiya. Na amince, Allah ya sa albarka. Sai dai akwai maganar da nake so ka ji daga gare ni tun kafin tafiya ta yi nisa.

Kada wani ya sa ka ji kamar alfarma aka yi maka. Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, likita Ludwig Guttmann ya tara mutum 16 masu rauni a laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, suka yi gasar harbi daga kan kekunansu. Daga nan gasar Olamfik ta nakasassu ta samo tushe, aka yi ta farko a Rum a 1960. Masu irin lalurarka ne suka share wannan fili.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kafaɗarka. Da ita kake tura keke, da ita kake ɗaga jikinka ka hau gado, yanzu kuma za ka ɗora mata jan tsirkiya. Zagayen farko kaɗai kibiya 72 ne, daga nisan mita 70 in bakan mai lanƙwasa ne, ko mita 50 in mai 'yan tayoyi ne, kuma kowace kibiya sai ka ja, ka riƙe, numfashi ya kwanta, sannan ka saki. Na san halinka, za ka so baka mai tauri don a ce ka isa. Ka fara da mai laushi, ka bar mai horar da kai ya ƙara nauyin a hankali. Ranar da ka ji zafi yana sukar ka a kafaɗa, ajiye bakan ka faɗa masa. Mai ƙafafu in ya ji ciwo a nan, harbi kawai zai rasa. Kai kuwa har fita ƙofa sai ta gagare ka.

Sai tantancewa. Za su duba jikinka su sa ka a rukuni, domin masu lalura a hannu da ƙafa duka suna da nasu, W1. Ka nuna iyakar abin da jikinka ke iyawa, ba ƙari ba ragi. Wanda ya ƙara gishiri don ya faɗa rukuni mai sauƙi ya ci haƙƙin wani, kuma ban yarda ka kawo mini lambar da aka samu ta haka ba.

Za ka haɗu da masu tafa maka ko kibiyar ta faɗi ƙasa. Ka gode musu, amma ka nemi wanda zai ce maka gwiwar hannunka ta sauka. Matt Stutzman, Ba'amurken da aka haifa ba hannuwa, da ƙafa yake riƙe baka. Azurfa ya samu a Landan a 2012, zinare kuwa sai 2024 a Faris. Shekarun da ke tsakani, gyaran kuskure ya yi ta yi.

Ka riƙa rubuta makinka bayan kowane atisaye, ka turo mini in gani, har na ranar da bai yi kyau ba. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka sanar da mu ranar gasar da wuri.

Naka,
Mahaifinka